Neman 'Yar Fara, Motar Asibitin Baba

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, liman na sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da mahaifina. Waɗanda suka yi ta kirana kwana biyun nan ba su same ni ba, ku yi haƙuri, ga inda na shiga.

Baba tsohon direban motar asibiti ne. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana jan mota ɗaya tak a ƙasar Gumel, doguwar nan ƙirar Faransa da ake harhaɗawa a Kaduna a zamanin da, mai giya a jikin sitiyari. Shi ya laƙaba mata suna 'Yar Fara. Da ya yi ritaya aka yi gwanjonta, shi kuma na ɗauko shi ya dawo wurina. Tun bara likitan ido ya gaya mana gaskiya: na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya, kuma ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne. Baba bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, in kai shi ya ga 'Yar Fara tun yana iya gani. Na ce bayan azumi. Azumi ya wuce na ce bayan babbar Sallah, sannan na ce a bari damina ta ɗauke saboda hanya. Ni a raina cewa nake, motar da ƙila tuni an yanka ta an sayar a kilo, ina za mu same ta? Sai da matata ta ce mini, "Wallahi kana wasa da abin da ba ya dawowa," sannan na nemi hutun kwana biyu a wurin aiki.

Daga Gezawa zuwa Gujungu hanya ba laifi, sai ramukan da ruwan bana ya bari, irin waɗanda ba ka ganinsu sai ka faɗa. Motata otomatik ce, kuma Baba bai taɓa yafe mata wannan laifin ba. Duk inda muka zo gangara ko kwana sai in ga hannunsa na dama ya ɗaga yana laluben iska, ƙafarsa ta hagu tana danna tabarmar mota. Can ya ce, "Kai wannan ai ba tuƙi kake ba, zama kake yi mota tana tafiya da kai." Na ce, "Baba, zamani ne." Ya ce zamanin ya gaishe da gida.

A Gujungu muka tsaya wurin wani mai shayi. Jama'a, ƙwai ya zama abin da sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka ce a fasa biyu. Na ce a fasa wa Baba, ni na tsaya a kan ƙosai, kuma ban yi asara ba, don ƙosan matar da ke gefen mai shayin ya ji albasa da attaruhu, ga shi da zafinsa. Daga nan muka yanki hanyar arewa. Kaka ta kankama: dammunan gero a jere bakin gonaki, riɗi an tsayar da shi ƙungiya-ƙungiya yana bushewa, kankana kuwa tuli-tuli a bakin titi har ka rasa wa zai sha ta. Ina tuƙi ina gaya wa Baba abin da nake gani, yana gyaɗa kai. Da muka zo wani gari ya tambaye ni ina ne nan, na ce Gagarawa. Ya ce, "Rage gudu." Na rage. A haka muka ratsa garin, sannan muka wuce Gumel.

Rabona da Gumel an daɗe. Keke mai ƙafa uku ya cinye gari, inda na sani fili ne duk an gine, amma ƙamshin kasuwar hatsi yana nan yadda na bar shi. Gidan abokin aikin Baba muka nufa, tsohon ma'aikacin jinya wanda shi ke zama a bayan mota da marar lafiya yana riƙe da ledar ƙarin ruwa. Baffa nake ce masa tun ina ƙarami. Da suka haɗu sai suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, wannan yana cewa "kana nan ashe," wancan yana cewa "ina za ni in bar ka." Baffa ya dube ni ya ce, "Kai ne ka yi wannan tumbin? Lallai Kano ta karɓe ka." Aka kawo fura da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Da Baba ya faɗi abin da ya kawo mu, Baffa ya ce wani ɗan kasuwar Maigatari ne ya sayi motar a gwanjo, ya yi ta jigilar awaki da ita. Bai jira an gayyace shi ba, ya ɗauki hularsa ya shige bayan motata.

Wanda bai taɓa zuwa Maigatari ranar kasuwa ba, ya yi ƙoƙari ya je. Tun daga nesa za ka fara cin karo da manyan motoci maƙare da shanu, ga raƙuma a durƙushe suna tuƙa kamar ba su da wata damuwa a duniya, ga mutanen Damagaram da rawunansu ana ta ciniki hannu a cikin hannun riga. Na sayi cuku da dabino don tsarabar gida, muka ci balangu a tsaye, ranar kuwa kamar ta sauko ƙasa. Ɗan kasuwar da muke nema Allah ya yi masa rasuwa, amma aka nuna mana rumfar wani mai sayen tsofaffin motoci yana yanka su, mutumin ƙetaren iyaka ne. Baba ya kwatanta masa motar tun daga lambarta har zuwa lotsawar da ke ƙofar baya.

Mutumin ya tafa hannu. "Na san ta sarai, Alhaji. Tana wani ƙauye bayan Ɗanzomo, jama'ar masallaci suka saye ta suna kai gawa. Amma bwat ɗinta ya mutu." Da ya ga ban gane ba ya ce, "Giyabos, kamar yadda kuke cewa. Sun kira ni, mun ma daidaita. Jibi Asabar zan je da yarana mu yanka ta."

Baba ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "Giyabos ɗin nan bai mutu ba." Mutumin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da ita?" Baba ya ce, "Ko shekara ɗari ne." Ni dai kunya ta kama ni, na ja shi muka tafi. A hanyar komawa Gumel na fara lissafin yadda zan lallashe shi idan muka je muka tarar da gwangwani, kuma na ji haushin kaina, don da mun zo lokacin da ya fara roƙo da ba mu zo a ƙurarren lokaci haka ba.

A gidan Baffa muka kwana. Juma'a da hantsi muka ɗauki hanyar Sule Tankarkar, muka wuce Ɗanzomo kaɗan sannan muka sauka daga kwalta. Daga nan rairayi ne zalla, hanya ta rabu uku ta sake haɗewa, kowace da sawun amalanke. Ba mu yi nisa ba motata ta kafe. Na taka mai, ta ƙara nutsewa. Tsofaffin nan biyu kuwa abin nema ya samu. Baffa ya ce a zamaninsu nan wurin da giya ta biyu suke wuce shi da mace mai naƙuda a baya, ko ruwan leda bai girgiza ba. Baba ya ce, "Bar shi, motarsa ce ke yanke shawara." Wasu Fulani da ke kora shanu suka taimaka muka saka karan gero a ƙarƙashin taya, da ƙyar muka fita. Na ba su goro suka karɓa, kuɗi kuwa suka ƙi.

Ƙauyen ba shi da girma. Muka fara gaida mai gari, aka kira liman, aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka kawo ruwa a kwanon sha. Sai da aka gama tambayar hanya da gida da amfanin gona sannan Baffa ya gabatar da Baba. Liman ya ce lallai yau suna da babban baƙo, ya ba mu labarin motar. Tsohuwar maƙabartarsu ta cika, sabuwar kuma tana da nisa, ga rairayi, ɗaukar makara a kafaɗa yana wahalar da mutane musamman da bazara. Shi ya sa suka haɗa hannu suka sayi motar, har ƙauyukan kewaye suna aro. Wani dattijo ne ke janta, tsohon direban tasha, bai taɓa karɓar ko sisi ba, kuma bai taɓa barin kowa ya taɓa sitiyarinta ba. Farkon damina ya kwanta ciwon kwana uku ya cika.

"Ranar da za mu kai shi," in ji liman, "muka sa shi a ciki, aka tayar da inji lafiya lau. Masu jan tarakta sun gwada, masu jan keke mai ƙafa uku sun gwada, giya ta ƙi shiga, sai kuka take kamar ana niƙa tsakuwa. Ga rana tana yi, ga gawa ba ta jira. Sai muka bar ta a firi, ba giya, muka tura ta da hannu har maƙabarta. Mutumin da ya kai iyayenmu, mu da turi muka kai shi."

Bayan nan sun kawo bakanike daga Sule Tankarkar, yaro ne ɗan zamani, ya gwada ya ce giyabos ya tashi aiki kuma ba a samun irinsa yanzu. Shi ne suka yanke shawarar sayarwa.

Tana bayan masallaci a gindin tsamiya. Ina hango ta na gane ta, don na san wannan dogon jikin kamar yadda na san ƙofar gidanmu. Sun yi mata koren fenti, sun rubuta ayar da ke tunatar da cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa a gefenta, an cire jiniyar da ke kanta an toshe ramin da ƙaro. Kaji sun yi gida a ƙarƙashinta. Na riƙo hannun Baba na kai shi, ya ɗora tafinsa a kan bonet ya ce, "Ga ta nan. 'Yar Fara, kin ga yadda muka koma." Ya zagaya ta yana shafawa har ya kai lotsawar ƙofar baya, ya ce wa Baffa, "Ka tuna saniyar nan?" Baffa ya ce, "Ina zan manta, ni na kusa haɗiye harshena."

Aka ciro batir daga injin ban ruwa, aka kawo fetur a galan, aka ba tayoyi iska da famfon keke. Inji ya yi tari sau biyu ya kama, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Baba ya zauna a mazaunin direba ya riƙe sitiyari, na ga fuskarsa ta canza, rabon da in ga wannan fuskar tun ina makarantar sakandare. Amma bai daɗe ba ya matsa can gefen fasinja, don kujerar gaban doguwa ce guda ɗaya. Ya ce, "Ba zan ja mota cikin mutane da wannan idon ba. Shigo."

Na sunkuya na ce masa a hankali, "Baba, ka san ban iya giyar hannu ba." Ashe ba a hankalin na faɗa ba. Wani daga cikin masu tarakta ya ce, "Ɗan direba guda?" Aka kwashe da dariya. Ni da nake da mutane a ƙarƙashina a ofis, gumi ya wanke ni.

Baba ya ce, "Na sani. Ai ni na kore ka. Shigo, ƙafa taka, hannu nawa."

Gaskiya ya faɗa. Ina ɗan shekara goma sha biyar ya taɓa ɗora ni a wannan kujerar zai koya mini, na sa giya ta yi ƙara, ya daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce in sauka. Na sauka na rantse ba zan ƙara ba, kuma na riƙe rantsuwar shekara talatin.

Na shiga. Warin cikinta bai canza ba, tsohuwar leda da fetur da wani abu kamar maganin asibiti da ya ƙi fita. Baffa ya buɗe baya ya haye inda ake ajiye makara, wurin zamansa na da. Baba ya kama sandar giyar da hannun hagu, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji: "Ku matso ku gani, ku masu tarakta. Laifinku ɗaya, ba ku gaisuwa. Wannan kulocin sau biyu ake taka shi. Takun farko gaisuwa ne, ka saki, na biyun shi ne magana. Sannan ba a zuwa ta ɗaya kai tsaye. Ka jawo sandar wajen ƙirjinka, ka leƙa ta biyu tukuna, sannan ka wuce." Ya ce mini, "Taka. Saki. Sake takawa." Na ji hannunsa ya yi wani ɗan motsi, sai ƙwas, ta shiga ba ko ƙara. Liman ya yi kabbara.

Sau biyu tana mutuwa a ƙafata saboda na saki kuloci da gaggawa. Ina jiran tsawa, sai na ji ya ce, "Ba komai, sake." A na uku ta ɗaga, ta yi gaba, mutane suka dare. Muka ɗauki hanyar maƙabarta, don ita ce hanyar da ta fi faɗi. Baba bai dubi gaba ba, kansa a karkace yake yana sauraron inji. "Ji ta, tana neman ta biyu. Taka." Can kuma, "Ta uku. Kar ka saki mai, rairayi ne." Motar da aka ce ta mutu sai ga ta tana ratsa rairayin da tawa ta kafe a irinsa. Wallahi ban san lokacin da na fara dariya ba, Baffa yana ta ihu a baya wai a kula da marar lafiya.

Da muka juyo Baba ya ce in rage mai, ya mayar da ita ta biyu ya bar ta a nan. Muna tafe a hankali ya ce, "Ka ga gilashin nan da ke tsakaninmu da baya? Muna da ƙa'ida ni da Baffanka. In dai da rai, ina ta huɗu, jiniya na kuka. In ya ƙwanƙwasa gilas sau biyu, to an gama, sai in dawo ta biyu, don babu sauran abin gaggawa." Sai ya ƙara da cewa, "Mahaifiyarka, da aka ce a kai ta Kano, ni na ɗauke ta. A Gagarawa ya ƙwanƙwasa. Na juyo da ita, a ta biyu na kawo ta har gida. Wata biyu bayan nan na ce zan koya maka, ka sa giyar ta yi kuka, na ji kamar a ƙirjina. Ba kai na yi wa tsawa ba."

Na duba madubi na ga Baffa ya juya fuskarsa waje. Ni na san ranar, na san a hanya ta rasu, amma ban taɓa tambayar wa ke tuƙi ba, kuma ban taɓa tunanin yadda ya yi wannan tafiyar ba. Kewarta ta taso mini sabuwa fil, har da kewar shekarun da na yi ina jin haushin mutumin da ke zaune kusa da ni.

Kafin a kira sallah Baba ya zaunar da masu tarakta biyu, magidanta, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannunsa a kan nasu har sai da kowanne ya sa giya ba ƙara. Ya sa su yi alkawarin kowa zai koya wa wani. Bayan an sauko daga Juma'a mai gari ya sanar cewa an fasa sayarwa, a kira mutumin Maigatari a ba shi haƙuri. Suka cika mana but da kankana da kwaryar riɗi, wata tsohuwa ta aiko wa Baba da zakara wai a cikin wannan motar aka kai ta haihuwar ɗanta na fari. Baba ya ce ya tuna, ko da yake ban tabbata ba.

Muka sauke Baffa a Gumel da la'asar, suka sake riƙe hannu sai da na yi ta haƙuri. Har muka wuce Gujungu Baba bai tsokani motata ko sau ɗaya ba, ya jingina yana murmushi shi kaɗai. Ni kuma ina ta yaba wa kaina, na cika alkawari, na kai tsoho ya ga abin da yake so. Mun kusa Gezawa ya juyo ya ce, "Amma sun kula da ita ko? Fentin bai dushe ba? Har yanzu tas take, fara?"

Na gangara gefen titi na tsaya. Duk zagayen da ya yi mata, duk shafawar, ashe ko launinta bai gani ba. Na yi niyyar in ce masa fara ce, amma na ga bai cancanci ƙarya daga gare ni ba. Na ce, "Koriya ce yanzu, Baba. Sun sake mata fenti."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To. Ya dace da aikinta na yanzu. Mu je, kar magariba ta same mu a hanya."

Mun iso gida lafiya ana kiran sallah, na riƙo hannunsa na shigar da shi, matata ta karɓi zakara da cuku tana tambayar yadda aka yi. Na ga gari, na ci balangun Maigatari, na koyi taka kuloci sau biyu da furfura a gemuna, kuma wani ƙauye ya samu motarsa ta dawo. Amma abin da na dawo da shi a zuciya ɗaya ne, shi nake so in gaya wa duk mai tsoho a gida: in ya ce ka kai shi wani wuri, ka tashi ka kai shi a satin. Baba bai ce mini komai a kai ba, kuma na san ba zai ce ba. Ni ne na san cewa da na kai shi kafin azumi, da da idonsa zai gan ta.